Azumin da Na Yi wa Bukar Ga-Ruwa

Bukar ɗan kawuna ya cuce ni. Da azumi a bakinsa ya riƙa laluben haruffa da yatsa a cikin jakar wasan sikirabul yana zaɓar masu kyau, ni kuwa ina ɗiba a makance. Kullum ya cinye ni, in tafi ɗebo ruwa, shi ya tafi darasi. Da darasin nan ya ci jarrabawa ya shiga aikin gwamnati. Ni ga ni a bakin titi a Zango ina liƙin tayar moto. Abin ya haura shekara talatin, amma ban sani ba sai a azumin bana, kuma daga bakinsa na ji, yana faɗa yana dariya.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya faɗi haka bai san Bukar ba.

Azumin bana ya faɗo cikin zafi kamar wancan. Tun hantsi duwatsun Damagaram ke ɗaukar wuta, su riƙe ta har bayan magariba. Famfon layinmu a Kara-Kara ya yi shiru, bido, jarkokin ruwa, sun jeru ba masu su a kusa, kowa ya ajiye nasa ya gudu inuwa. Tun kafin in ji abin da na ji, wancan azumin ke dawo mini. In na wuce ta gaban bidon nan sai kafaɗata ta dama ta kama zugi, ita da ba ta ɗauki komai ba.

Ni ɗan Gidimuni ne, sunana Isufu. Innata Babarbariya ce ta nan Zango, aure ya kai ta can. Na yi lakwal, makarantar boko, har na samu sartifika, sai Baba ya ce ya isa haka, lambu na neman hannu. Na yi shekaru ina jan guga, ina yankan rake, ina hawan dabino. Shekarar da nake magana damina ta yi gardama. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Tabki ya ja baya har muna taka busasshen laka a inda da masunta ke jefa koma. Rumbunmu tun kafin sanyi ya wuce ake jin ƙarar ƙwarya a ƙasansa. Cikin haka aka ji labarin gwamnati za ta ɗauki ƙananan ma'aikatan biro, wato ofis, masu sartifika, ta jarrabawar da suke ce wa konkur, bayan Sallah. Inna ta ƙulle mini tsummokarana da ɗan busasshen dabino ta ce in tafi wurin yayanta.

"Ga Bukar can, tsaranka ne, shi ma zai zauna jarrabawar. Ku riƙe juna."

Na riƙe shi kuwa.

Kawu ɗan kasuwa ne da kasuwa ta juya wa baya, ido kuma ya fara yi masa hazo. Kantinsa ba abin da ya rage sai ashana, da sabulu, da gwangwanin tumatir da suka yi tsatsa. Matarsa Ya Falmata ke riƙe da gidan, ga goyo, ga ƴan mata ƙanana. Bukar ne babba. Ya taɓa shiga kolej aka sallamo shi, amma Faransanci ya zauna masa a baki, in yana yi sai ka ce rediyo. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, saboda haka a wasan taubasai "bawana" yake ce mini, ni kuma in ce masa "ranka ya daɗe". Ɗakinmu ɗaya a zaure, tabarmarmu ɗaya.

Ga yadda yini ke tafiya. Sahur ɗumamen tuwon jar dawa ta taimako, da miyar kuka wadda ba ta ga mai ba. Bayan asuba in tafi kasuwa dako, Bukar ya buɗe kanti ya zauna yana korar ƙuda. Da azahar mu dawo. A lokacin gari ya mutu, ko akuya ba ta kuka, bangon zaure in ka jingina sai ka ji kamar bayan tanda. Mu tuɓe riguna mu kwanta a ƙasa, harshe ya manne a ganɗa. Shan ruwa kunun tsamiya ne tsararo, ba sukari, wata rana a samu kwaɗon zogale da ɗan ƙuli. Ya Falmata kan raba da ludayi tana kallon ƙasan ƙwarya.

Yunwa ana haƙuri da ita. Ruwa ne ba a yi masa haƙuri. Famfon unguwa ya ƙafe, ƴan ga-ruwa sun fi ƙarfin gidan. Sai wani famfo can bayan Kara-Kara, lokacin unguwar ba ta cika haka ba, wanda ruwa ke zuwa masa bayan la'asar, siriri kamar fitsarin ɗan akuya. In ba ka kama layi da la'asar ba, ka dawo da garwa tana ƙara.

Kuma da la'asar ɗin ne Mushe Adamu ke darasi, Mushe ɗin kiran malami ne a bakin ƴan lakwal. Tsohon malamin lakwal ne da ya aje aiki, yana tara masu shirin konkur a ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidansa, yana koya musu dikte, wato shifta, da lissafi saboda Allah. Ni dikte ba ta ba ni tsoro. Lissafi ne ya tsere mini a lambu, shi na zo nema. To ga darasi, ga famfo, lokaci ɗaya, mu kuma mu biyu. Muka fara da karɓa-karɓa, yau ni da garwa, gobe shi.

Wasan kuwa tun farkon azumi muka fara shi, don kashe tsakanin azahar da la'asar. Bukar ne ya gan shi a kolej wurin wani malami. Ya ce mini, "Bawana, kai da hannunka bai san hutu ba, ƙera mana." Na tattara fasassun ƙoran Ya Falmata, na yanka sakaina ƙanana-ƙanana daidai kan babban yatsa, na goge gefensu a dutse. Na sa ƙusa a garwashi, in ta yi ja in zana harafi, yana gaya mini yawan da ake so na kowane da puwan ɗinsa, wato makinsa. Har yau ina jin ɗacin hayaƙin ƙwaryar nan a maƙogwaro. Biyu muka bari ba rubutu, su ake ce wa jokar, suna zama duk harafin da ka ga dama. Allo kwalin sabulu ne, na ja masa layuka, gidajen da ke ninka puwan na shafa musu shunin wanki da jan alli. Jaka ƙafar tsohon wandon Kawu ce da Ya Falmata ta ɗinke bakinta ɗaya. Alƙali wani tsohon ƙamus mara bango da Bukar ya fito da shi daga kolej. Puwan mu rubuta da gawayi a bango.

Wanda bai san wasan ba, ba shi da wuyar ganewa. Kowa ya zura hannu a jaka ya ɗebi haruffa bakwai ba tare da ya duba ba. Ka jujjuya su har kalmar Faransanci ta fito, ka ɗora ta a allo ta ratsa wadda ke can. Akwai haruffa masu arha, akwai masu nauyi irin su K da X da Z. In ka sa mai nauyi a gida mai ninki ka yi kasuwa. In kuwa ka zubar da bakwai ɗin gaba ɗaya a kalma guda, hamsin ake ƙara maka.

Ba zan ɓoye ba, na so wasan nan kamar me. Ka zauna da haruffa bakwai a gabanka kamar tarkace, yunwa na sa su rawa a ido. Ka ɗauke wannan ka kai ƙarshe, ka jawo wancan gaba, ba komai. Ka sake. Can sai kalma ta juyo, kamar yadda kifi ke juyawa a ƙarƙashin ruwa ka hango farin cikinsa. A wannan ɗan lokacin ba ƙishirwa, ba jar dawa. Kuma a farko kai ɗaya muke da Bukar. Shi ya fi ni yawan kalmomi, ni na fi shi haƙurin juya su. Yau ni, gobe shi.

Ranar da ya je famfo karo na nawa ne ma, ya dawo da kafaɗa a saluɓe, ya kwanta yana nishi kamar mai naƙuda. Washegari muna tsakiyar wasa ya ce:

"Bawana, karɓa-karɓar nan ba ta da daɗi. Mu sa wa wasa gishiri. Wanda aka ci, shi da garwa."

Na ce, "In kai aka ci fa, ranka ya daɗe?"

"In tafi mana. Ai duk karatu ne. Ko tsoro kake ji, manomi?"

Na ce, "Kawo jaka."

Daga ranar Bukar ya tsiri addu'a. In zai ɗiba sai ya zura hannu a jaka, ya rufe ido, leɓɓansa na motsi. Ya daɗe a haka. Na ce masa, "Kai, rijiya ka faɗa ne?" Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Salati nake. Addu'ar mai azumi ba ta faɗuwa ƙasa. Kai ma ka riƙa yi." To wa zai katse wa mai azumi salati? A gidanmu ko yaro ke kuka ba a taɓa mai lazimi sai ya shafa. Na bar shi. Har ni ma na kama yi, in zura hannu in karanta abin da na iya, in zaro. Nawa hannun ya yi shekaru a kan igiyar guga, ya yi kanta, garwashi ma ina ɗauka in kunna murhu. A cikin jakar ba abin da nake ji sai ɓaraguzai. Ni na ƙona haruffan nan da ƙusa, na san sun yi rami, amma bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa akwai hannun da zai karanta ramin. Hannun Bukar bai san komai ba sai alƙalami da ashana.

Addu'arsa kuwa ta riƙa ci. Jokar wurinsa. In gida mai ninki uku ya buɗe, sai ga Z a hannunsa. In yana neman S ya ƙarasa kalma, sai ga ta. Ni kuma abin da ya rage a jaka shi nake kwasa, wata rana tarin I da U kamar kukan jaki, wata rana baƙaƙe zalla ba wasali ko ɗaya. Duk da haka ina matse su in fitar da abin da zan fitar. Ba ya cinye ni da nisa. Da kaɗan yake ci, kullum da kaɗan, yadda gobe zan ce yau kam sai na rama.

Ana kiran la'asar mu yi salla, shi ya wanke fuska ya saka riga ya ɗauki littafi, ni in rataya garwa biyu a sanda.

Tafiyar ba ta da wuya, garwa ba komai. Takalmin roba ne kawai ke laushi a ƙafa saboda zafin ƙasa. A famfo mata ne, da ƴan ga-ruwa, da masu jakuna, kowa baki a bushe, kowa a kusa yake. Faɗa kan tashi a kan wa ya riga wa, ya mutu da kansa don ba mai yawun ci gaba. Ƙudan zuma sun yi baƙi a bakin famfon, su ma ƙishirwa. Abin da ya fi ci mini rai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasar wurin. Ka tsaya a cikinsa tun la'asar har rana ta yi ja, kana kallon ruwa na zuba a garwar wani.

Dawowa ita ce aiki. Sanda ta nutse a kafaɗa, ruwa na yi maka magana a kunne hagu da dama, yana fantsama a ƙafarka, kai kuma ba halin kurɓa. Na kan sa ganye a bakin garwa don kada ya zube. Wata rana a tsakanin duwatsu haɓo ya ɓalle mini, jini har ƙirji. Na sauke kaya na zauna. Wata tsohuwa da ke bayana da tulu ta kamfaci ruwanta, ba nawa ba, ta zuba mini a ka. Ta ce, "Ɗan nan, ka sha, Allah ya ga uzurinka." Ban sha ba. Na jira jinin ya tsaya na ɗauka.

In na iso, Bukar na zaune a kan tabarma ya jera ludayi. "Sannu bawana. Yau Mushe ya yi mana lissafin kashi-kashi. Ba wuya, zan nuna maka bayan asham." Bayan asham ni ba na sanin inda kaina yake.

Ya Falmata ta taɓa tsayar da ni a bakin randa ta ce, "Wai kullum kai ne?"

Na ce, "Wasa muke yi, Ya. Wanda aka ci shi ke tafiya."

Bukar ya leƙo daga zaure ya ce, "Ya, bar shi. Bawa ai aikinsa ke nan."

Ta ce masa, "Ja can, marar ta ido." Ta ƙara mini ludayin kunu a ranar. Iyakar abin da ta iya ke nan, ga goyo na tsotson ta, ga randa na jira.

Ranar da na fi tunawa cikin ƴan ranakun da na ci, haruffa sun zo mini a hargitse, har da X, na ce yau ma garwa. Na yi ta juya su, cikina na kuka. Sai ga ta ta tashi tsaye, bakwai cif: GATEAUX. Wainar Nasara, da jam'i. Ni da ban taɓa ɗanɗana ta ba sai a littafin karatu. Na jera ta, X ta faɗa gida mai ninki, ga hamsin a kai. Na tashi na yi rawa a zaure da azumina. Bukar ya duba ƙamus, ya rufe, ya ce, "Mayunwaci, ko a wasa abinci kake gani." Ya ɗauki garwa fuska a murtuke.

Na wanke ƙafa na tafi darasi kamar ango. Mushe Adamu ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "A'a, Isufu. Kai ganinka sai an duba wata." Aka yi dariya. Ya juya allo. Lissafin ranar na famfo ne, wallahi: famfo kaza na cika kwatami a awa kaza, wani na zurar da shi a awa kaza, yaushe zai cika. A duk wurin ba wanda ya kai ni sanin famfo, kuma ni kaɗai na kasa. Sun yi nisa. Abin da ake ginawa a kai an yi shi ranakun da nake layi. Da aka tashi ya kira ni gefe ya ce, "Yaro, wanda ke son aiki ba ya zuwa darasi kamar mai gaisuwar mara lafiya." Na sunkuyar da kai. Me zan ce? In ce ana cinye ni a wasa? Washegari Bukar ya yi salati mai tsawo.

A goman ƙarshe hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma-yamma, ya yi baƙi, ya yi iska, ya watse. Zafin ya ƙaru, ya zama mai gumi. Sai bayan Sallah da ƴan kwanaki ruwan farko ya sauka, da rana tsaka. Muka fito da duk abin da ke da baki, ƙwarya, tukunya, garwa, har butar Kawu. Yara na tsalle a indararo. Na tsaya a tsakar gida na buɗe baki sama ina sha. Ranar ce ta farko da randa ta cika ba da kafaɗar kowa ba.

Muka zauna konkur. Dikte na yi ta. Lissafi na zauna ina kallon takarda kamar yadda nake kallon baƙaƙe bakwai ba wasali. Da aka karanta sunaye a rediyo, na Bukar ya fito, nawa bai fito ba. Ni na fara ɗaga shi sama. Da zuciya ɗaya na yi murna. Na ce wa kaina, ai ba mamaki, mutumin da ya yi wata yana kayar da kai a gaban allo. Allah bai raba kai daidai ba. Da shekara ta zagayo Mushe Adamu ya aiko in dawo a sake gwadawa. Ban je ba. Na riga na gama shari'a da kaina, na yanke cewa kan nan na ɗaukar kaya ne.

Na yi dako, na yi kabu-kabu har gwiwa ta gaza, na koma liƙin taya. Bukar ya hau, ya zaga garuruwa, ya je Makka, ya dawo ya gina gida mai ƙofar ƙarfe. Bai yi mini rowa ba, kada in yi masa ƙarya. Da layya cinya na zuwa gidana. Ina karɓa da hannu biyu.

Yanzu ya aje aiki. Da azumi samari na taruwa a rumfar ƙofar gidansa bayan la'asar suna sikirabul, irin na kanti, allo mai juyawa, haruffan roba sumul. Ga kula cike da ƙanƙara tana jiran magariba. Na kan biya in gaishe shi in na rufe aiki. Ba na bugawa, tun wancan azumin ban ƙara ba, amma ina leƙa haruffan yara in juya su a raina. Ranar da abin ya faru ina zaune a gefen benci sai gardama ta tashi.

Wani saurayi ya ce wa Bukar, "Alhaji, ka ga Nasiru. Ya zuba haruffansa a salula, ita ke jera masa kalma."

Nasiru ya ce, "Saƙo nake dubawa."

"Saƙo mai harafi bakwai?"

Bukar ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce, "Ku yaran yanzu ko maguɗi sai inji ya yi muku. Mu da yatsa muke karatu. Ga shaida nan zaune. Bawana, ka tuna sakainarka?"

Na ce na tuna.

Ya juya wurin samarin. "Shi ya ƙona haruffan da ƙusa, kowane da raminsa. Da safe in ya tafi dako sai in tafi da jakar kanti, ai ba ciniki. In rufe ido in yi ta laluba har na haddace su. E kamar matsefi, S kamar maciji, jokar sumul kamar goshin jariri. In ya ce na daɗe, in ce salati nake." Ya share hawayen dariya da hannun riga. "Wanda aka ci shi ke ɗebo ruwa. Bawan Allah nan ya sha garwa. Kuma ba na cinye shi da yawa, kada ya farga. Wata rana ma in sakar masa."

Samari suka kwashe da dariya, har da tafawa. Ban da ni. Na dubi hannuwana a kan gwiwa, baƙin taya ya shiga duk tsagar da ke jikinsu. Nasiru ne ya fara kallon fuskata, ya daina dariya, ya taɓa na kusa da shi.

Na ce, "Bukar, da gaske kake ko wasa?"

"Haba. Kada ka ce mini duk shekarun nan ba ka gane ba."

"Ban gane ba."

Ya ɗan gyara zama, murmushin bai gama barin fuskarsa ba. "To ai wasan taubasai ne, bawana. Ƙuruciya. Ka yafe, wata mai alfarma muke ciki."

Samarin suka fara tattara takalma. Na ce su zauna, a gabansu ya faɗa, a gabansu zan amsa. Na miƙe na tsaya a kansa, ban ɗaga murya ba, na ce:

"Wasan taubasai a fili ake yin sa, a yi dariya tare a tashi. Wannan kai kaɗai ka yi dariyarsa shekara talatin. Ruwan da na ɗauko na yafe, Ya Falmata ta sha, Kawu ya yi alwala, Allah ya ji ƙansu. Ban kuma ce da na je darasi lalle sai na ci ba. Wataƙila in faɗi. Amma da na faɗi da ƙafata, in tashi in sake. Kai ka sa na yarda ni daƙiƙi ne, na zauna a kan haka har na yi furfura. Ɗana na fari sunanka na sa masa. Kai ka zo ka ci naman sunan. Na ce ko Allah zai ba shi kai irin naka, ya tsira daga irin nawa. Yau na gode wa Allah da ɗan fari ne, al'ada ta hana ni kiran sunansa, ba sai na kira ɗana da shi ba. Kada ka sake ce mini bawanka, kada cinyarka ta sake zuwa ƙofata. Ban yafe ba, Bukar. Ba yau ba, ba ranar Sallah ba. Ka riƙe abinka har ranar da za a tambaye mu."